Filin Tambayoyin Masu Karatu: Amfanin Busa a Hankali ga Mai Koyon Turumbet

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 19, mazaunin Gadarif a ƙasar Sudan, kuma shekara biyu ke nan ina busa kakakin Turawa, wanda a nan muke kira turumbet, a cikin wata 'yar ƙungiyar badujala ta unguwarmu da ke raka ango ranar sira, take kuma yin fareti a bukukuwan makarantu. Tun bara muka samu sabon malami, wani dattijo da yaƙi ya taso daga Omdurman, kuma tun zuwansa ya hana ni busa da sauri. Kullum sai ya sa ni jan sauti ɗaya har numfashina ya kusa ƙarewa, idan kuma muka zo kan waƙar da za mu busa ranar 1 ga Janairu, sai ya ce in busa ta da rabin saurinta. Ni kuwa na iya waƙar, wuri ɗaya ne kawai nake tuntuɓe, sai kuma leɓena da yake kumbura bayan kamar minti 20 idan na nemi sautukan can sama. Ina ganin manyan mabusa a YouTube, yatsunsu kamar walƙiya. Shin busa a hankali ba ta 'yan koyo ba ce? Ba ɓata mini lokaci ake yi ba?

Mai karatu daga Gadarif

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminka yana kan daidai, kuma hujjarsa tana cikin wasiƙarka, a wurare biyu da ka ambata kamar ba su da muhimmanci: wurin da kake tuntuɓe kullum, da leɓen da yake kumbura. Duka biyun gaggawa ce ta haife su, kuma ƙarin gaggawa ba zai warkar da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bari mu fara da tuntuɓen, mu yi masa lissafi. A ce kana busa waƙar nan sau goma a rana daga farko har ƙarshe, sau takwas kana kuskure a wurin nan, sau biyu kana wucewa lafiya. A cikin kwana 30 ka busa kuskuren sau 240, ka busa daidai sau 60 kacal. Yatsu da harshe da leɓe ba su san abin da ke rubuce a takarda ba, kuma ba su san niyyar da ke zuciyarka ba. Abin da aka fi maimaita musu shi suke riƙewa. Saboda haka abin da kake kira tuntuɓe ya daɗe da zama wani ɓangare na waƙar kamar yadda jikinka ya haddace ta, kuma ranar fareti, lokacin da idon jama'a ke kanka zuciyarka kuma na bugawa, jikin zai kawo abin da ya fi sabawa da shi. Duk wanda ya yi karatun allo, ko a tsangaya ko a khalwa irin ta nan Sudan, ya san wannan tun yana yaro. Ba ina haɗa darajar karatu da ta busa ba ne, hanyar koyo kawai nake nufi: almajirin da ya haddace kalma da gyara yakan sha wahalar cire ta fiye da wanda bai taɓa karanta wurin ba, shi ya sa malamin kirki ba ya barin yaro ya wanke allo sai ya biya masa a tsanake, harafi bayan harafi, ya ji da kunnensa cewa babu inda harshe ya zame.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan ƙa'ida ta fi tsanani ga mai turumbet fiye da mai kaɗa oga, wato piyanon lantarki, ko mai garaya. Idan aka warware bututun turumbet aka miƙe shi, tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi, kuma maɓallai uku kacal gare shi. Na farko yana sauko da sauti mataki guda, na biyu rabin mataki, na uku mataki ɗaya da rabi, domin kowannensu yana buɗe wa iska ƙarin hanya ne ta cikin wani lanƙwasasshen bututu. Haɗuwarsu gaba ɗaya ba ta ba da fiye da hanyoyin dannawa bakwai masu bambancin tsawo, alhali sautukan da ake busawa sun haura talatin. Ba tare da ka danna komai ba kana iya fitar da sautukan da mabusa ke kira do, da sol, da do na sama, da mi, da wani sol ɗin, har zuwa do na can ƙololuwa. Ke nan yatsa ba shi ne ke zaɓen sauti shi kaɗai ba. Leɓɓanka ne ke karkarwa a cikin ɗan ƙoƙon bakin nan na ƙarfe da kake ɗora leɓe a kai, kimanin sau 233 a daƙiƙa guda idan kana busa do na ƙasa, sau 466 a do na tsakiya, sau 932 a do na sama da kake kwaɗayi. Babu ɗan Adam da zai iya ƙirga wannan ko ya umarci leɓensa da shi kai tsaye. Abin da ke faruwa shi ne kunne yana jin sautin a cikin kai kafin a busa shi, sai leɓe da harshe da numfashi su daidaita kansu su bi abin da kunnen ya nema. Idan ka bi waƙa a guje, kunne ba ya samun sararin jin sauti na gaba kafin ya iso, sai ka riƙa harbi a duhu, wani ya samu wani ya kuskure, kai kuma ba za ka taɓa sanin me ya sa wannan ya samu wancan ya kuskure ba.

Ni kaina a hannun irin malaminka na tashi. A Wad Madani ne, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, bayan sallar la'asar, wani tsohon sajen badujala yakan zaunar da mu a kan benci, ya kifa jarka a gabansa, ya riƙa buga ta da ɗan sanda, bugu ɗaya bayan ɗaya kamar tafiyar raƙumi. A gaban kowannenmu yakan jera tsinken ashana biyar a gefen hagu. Idan ka busa gaɓar da aka ba ka ba tare da aibi ba, sai ka matsar da tsinke ɗaya zuwa dama. Idan ka kai tsinke na huɗu sannan sauti ya fashe, ko ka shigo kafin bugu, sai ya miƙo sandan nan ya share dukkan tsinkayen su koma hagu, bai ce maka uffan ba. Sai biyar ɗin sun taru a dama a jere sannan zai ɗan ƙara saurin bugun jarkar, kaɗan ƙwarai, har ba ka cika lura ba. Na tuna wata gaɓa mai sauti takwas da ta cinye mini yammaci uku, kuma na tuna yadda hannuna ke gumi idan na kai tsinke na huɗu, wanda daga baya na gane cewa shi ma darasi ne, domin irin wannan fargabar ce ke kama mutum a gaban jama'a. Shekaru da dama sun wuce, na manta waƙoƙi masu yawa da na busa a guje, amma gaɓar nan har yau tana cikin yatsuna.

Ga yadda za ka yi da wurin da ke kayar da kai. Da farko ka daina busa waƙar daga farko, domin duk lokacin da ka yi haka kana kashe ƙarfin leɓenka ne a kan abin da ka riga ka iya, ka iso wurin wahala a gajiye. Ka ware gaɓa biyu kawai, wadda kake tuntuɓe a cikinta da wadda ta gabace ta. A cikinsu ma ka bincika har ka gano ainihin sautuka biyun da ƙafarka ke zamewa a tsakaninsu, domin kusan kullum matsalar tsallake ɗaya ce: ko dai yatsa na uku yana makara wajen sauka, ko harshe yana riga yatsa, ko kuma akwai tazara tsakanin sautin ƙasa da na sama wadda kunnenka bai riƙe ba tukuna. Ka ajiye turumbet ɗin ka rera wurin da bakinka. Idan ba ka iya rera shi daidai ba, to ba za ka iya busa shi daidai ba sai dai bisa sa'a. Bayan haka ka rera kana danna maɓallan ba tare da busa ba, sannan ka cire ƙoƙon bakin ka busa wurin da shi kaɗai, sannan ka mayar da shi ka busa gaba ɗaya.

A nan ne na'urar ƙirga bugu, wato metronom, take shigowa. An yi mata rajista a Turai tun 1815, yau kuwa kyauta ake sauke ta a waya, kuma ita ce jarkar sajenmu ta wannan zamani. Idan waƙarku ana busa ta a bugu 120 cikin minti, kamar yadda yawancin kiɗan fareti yake, ka saita ta a 60, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Idan a 60 ma kana kuskure, ka sauko 50, babu abin kunya a ciki. Saurin da ya dace da kai shi ne wanda a cikinsa kake iya jin kowane sauti a kanka kafin ka busa shi, kake kuma lura da farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Sau biyar a jere ba aibi, sai ka ƙara bugu 4. Da zarar kuskure ya dawo, ka koma baya mataki biyu. Gobe kuma kada ka fara daga inda ka tsaya jiya, ka fara ƙasa da shi kaɗan, za ka ga kana hawa da sauƙi fiye da jiya, domin a cikin barcin dare ƙwaƙwalwa takan ƙara kafa abin da hannu ya koya da rana. Wannan ne ma ya sa minti 15 kullum na kwana shida suka fi awa ɗaya da rabi a rana guda amfani, ko da yake jimillarsu ɗaya ce.

Sai dai akwai abin da dole in ja kunnenka a kai, domin da yawa sukan ji an ce a hankali sai su ɗauka sanyin jiki ake nufi. Bugun waƙa ne ake rage wa sauri, ba a rage wa iska ƙarfi, ba a kuma rage wa yatsa kuzari. Ko da sauti zai ɗauki daƙiƙa huɗu, saukar maɓalli daga wannan sauti zuwa wancan dole ta kasance farat ɗaya, kamar ɗana tarko, yatsa ya sauka har ƙasa da kan tsokarsa, ba a kwance ba. Maɓallin da aka danna da kasala yakan tsaya rabi na ɗan lokaci, iska ta rasa hanyar bi, sai ka ji wani gurnani tsakanin sautuka biyu, kuma wanda ya saba da haka a hankali, haka zai yi da sauri. Numfashi ma haka: ka ja shi cikakke, a cikin bugu, ka sake shi yana gudana ba yankewa, harshe yana taɓa bayan haƙoran sama kawai yana cewa "tu" ba tare da ya toshe hanyar ba. Mafi girma duka shi ne hankalinka ya kasance a wurin. Mutumin da ke jan sauti a hankali alhali tunaninsa na kasuwa bai fi mai gudu da komai ba, ya dai fi shi daɗewa ne kawai.

Kuma gaskiya ce cewa busa a hankali ita kaɗai ba ta kai mutum ga cikakken sauri, kamar yadda tafiya ba ta zama gudu don an daɗe ana yin ta. Idan wurin ya zauna daram a kamar bugu 80 ko 90, sai ka fara wani abu daban a gefe: ka ɗauki sautuka uku kawai ka busa su da cikakken saurin waƙar, ka tsaya, ka huta, ka maimaita, sannan ka ƙara na huɗu, sannan na biyar. Da haka jiki yake ɗanɗana saurin ba tare da an ba shi damar yin kuskure mai tsawo ba. Na tabbata malaminka zai kai ka nan idan lokaci ya yi, kuma idan ka tambaye shi cikin ladabi zai gaya maka dalilin da ya sa bai kai ka ba tukuna.

Game da jan sauti ɗaya da kake ƙorafi a kai, ka dubi gida kafin ka dubi waje. Dogon kakakin da ake busa wa sarakuna a Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram ba shi da maɓalli ko ɗaya, kuma sautukansa ba su wuce biyu zuwa uku ba, amma da su yake kiran sarki har gari ya amsa, kuma duk mai kunne yana bambanta gwani da ɗan koyo tun daga busar farko. A nan kusa da mu, a jihar Nilu Shuɗi, mutanen Barta suna da waza, ƙahonnin da ake haɗawa da duma, masu tsawo daban-daban, inda kowane mutum sauti ɗaya tak yake riƙe da shi, waƙa kuma ba ta fitowa sai kowa ya ajiye nasa a daidai gurbinsa. Mabusan Turai ma da suka rubuta wa wannan kayan busa ƙa'ida a nan suka fara. Littafin Jean-Baptiste Arban, malamin busa na birnin Paris, wanda ya fito a 1864 kuma har yau ake karantar da shi a makarantun kiɗa na duniya, darussansa na farko sautuka ne dogaye masu bugu huɗu-huɗu, ko da yake a ƙarshensa akwai abubuwan da ke gigita yatsu. Herbert Clarke na Amurka, wanda ya yi suna a badujalar John Philip Sousa, ya fitar da darussansa na horar da yatsu a 1912, kuma umarnin da ya ɗora a kansu shi ne a busa su da murya ƙasa-ƙasa, a maimaita cikin numfashi guda, ba tare da an matsa wa leɓe ba. Waɗannan mutane su ne gwanayen sauri na zamaninsu, ba su kuma ga wata hanya zuwa gare shi ba sai wannan.

Abin da za ka nema a cikin dogon sauti shi ne ya fara tsaf ba tare da tari ko huci ba, ya tsaya miƙe kamar zaren da aka ja ba ya rawa, ya ƙare lokacin da kai ka so, ba lokacin da iska ta ƙare maka ba. Ka fara daga sol na tsakiya, inda leɓe ke hutawa, ka riƙe shi bugu takwas, ka sauke turumbet daga bakinka bugu takwas, ka sauka rabin mataki. Idan hakan ya zauna, sai ka fara shi a hankali kamar raɗa, ka buɗe shi har ya cika, ka sake mayar da shi raɗa, ba tare da ya hau ko ya sauka daga matsayinsa ba. Ka tsaya kana fuskantar bango domin sautin ya dawo maka, ko ka naɗe shi a waya ka saurara. Za ka ji abubuwan da ba ka taɓa sanin kana yi ba.

Yanzu sai batun leɓe, wanda shi ya fi damuna a wasiƙarka. Naman da ke kewaye da baki siriri ne, ba a halicce shi don ɗaukar kaya irin na cinya ko dantse ba. Idan mai busa ya nemi sautin sama alhali iskarsa da kunnensa ba su kai can ba, abin da yakan yi ba tare da ya sani ba shi ne ya danna ƙarfen a kan leɓensa da ƙarfin hannu. Sautin yakan fito na ɗan lokaci, amma leɓen yana matse ne tsakanin ƙarfe da haƙori, jini ba ya zagayawa yadda ya kamata, sai ya kumbura. Kumburarren leɓe ba ya karkarwa da sauƙi, sai a ƙara dannawa, sai ya ƙara kumbura. Minti 20 ɗin da ka ambata ke nan. Ka duba madubi bayan ka gama: ɗan jan zobe da ke ɓacewa cikin mintuna kaɗan ba komai ba ne, amma zobe mai zurfi da ya daɗe, ko sawun haƙori a cikin leɓe, ko jin wurin ya mutu kamar an yi allurar kashe zafi, duk alamu ne cewa ka wuce gona da iri.

Kada ka ɗauka ƙananan mabusa kaɗai abin ke samu. Louis Armstrong, wanda duniya ta sani, ya sha fama da tsagewar leɓe saboda yawan busa sautukan sama dare bayan dare, har ta kai shi ga ajiye busa na watanni a tsakiyar shekarun 1930. Freddie Hubbard, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi da saurin mabusan jaz na Amurka, leɓensa na sama ya fashe a 1992, ciwon ya ruɓa, kuma har ya rasu a 2008 bai sake komawa yadda yake a da ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙa'idar da malaman busa suka gada kaka da kakanni ita ce ka huta gwargwadon yadda ka busa: idan darasi ya ɗauki daƙiƙa 30, ka cire ƙarfen daga bakinka daƙiƙa 30, kana rera na gaba ko kana danna maɓallansa. Ka tsaya tun leɓe yana da saura, kada ka jira sai ya ƙi. Idan ya tsage ko ya yi ƙurji, ka ajiye busa har ya warke sarai, idan kuma mutuwar wurin ko zafin ya wuce kwanaki, ka je wurin likita.

Sautukan sama kuwa sukan zo ne rabin mataki bayan rabin mataki, a bisa sautukan tsakiya masu kyau. Abin da ke buɗe su shi ne darasin zamewa tsakanin sautuka masu dannawa iri ɗaya, kamar daga do zuwa sol ka dawo, daga sol zuwa do na sama ka dawo, ba tare da harshe ya buga ba, kana ɗaga bayan harshenka kamar mai cewa "a" sannan "i", iska kuma tana ƙara gudu. Shi ma a hankali ake yin sa, har ka ji lokacin da sautin ke faɗawa gurbinsa da kansa. Sautin da ka iya busawa a natse, da murya ƙasa, sau biyar a jere, shi ne naka. Wanda ka fizgo da ƙarfi sau ɗaya a ranar sa'a aro ne.

Da ni ne kai, daga yau zuwa ƙarshen Disamba zan raba aikina biyu. Da safe, kafin rana ta yi zafi, minti 20 na dogon sauti da zamewa da tsanin sauti guda ɗaya, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, har da tsanin nan mai sauti biyar da mafi yawan waƙoƙin Sudan suka ginu a kansa, tun da shi za ka fi busawa a gidajen biki. Da yamma minti 20 zuwa 30 a kan gaɓoɓin waƙar masu wuya, da tsinkayen ashanarka a gabanka, sannan a ƙarshe ka busa waƙar sau ɗaya daga farko a saurin da ba za ka yi kuskure ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka yi niyyar kai cikakken sauri mako biyu kafin ranar, ka bar sauran kwanakin don gwaji tare da 'yan'uwanka. Bidiyon da kake kallo kuwa ka ci gaba da kallo, domin kunne yana buƙatar jin sauti mai kyau kafin ya nema, amma ka sani minti uku ake nuna maka daga aikin shekara ashirin. Dattijon nan kuma da ya baro gidansa a Omdurman, ya zauna yana sauraren sautinka ɗaya har ƙarshensa, ka riƙe shi da kyau, ka riƙa kai masa gaisuwa ko ba ranar darasi ba.

TAMBAYA

Malam, ɗana mai shekara 12 ya shiga badujalar 'yan sikawut a makarantarsu, an ba shi aron turumbet. Wata biyu ke nan ba na jin komai sai sauti uku ko huɗu da yake ta ja, har maƙwabta sun fara magana. Anya ana koya masa wani abu kuwa?

Wata uwa daga Kasala

AMSA

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, abin da kike ji shi ne koyarwar. Yaron da aka ba waƙa cikakkiya a watansa na biyu shi ne abin tausayi, domin zai koyi fitar da ita ta kowace hanya, da kumbura kumatu da danne leɓe, kuma gyaran wannan daga baya yakan ɗauki shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki saurara da kyau ki gani ko sautukan nan sun fi na watan jiya tsabta da tsawo, wannan ne ma'aunin ci gabansa a yanzu. A shekarunsa minti 15 sau ɗaya ko sau biyu a rana sun isa, yana tsaye ko yana zaune a miƙe, kuma ya kurkure bakinsa kafin ya fara idan ya ci abinci ko ya sha shayi mai sukari. Haƙƙin maƙwabta kuwa gaskiya ne. Ki tsayar masa da lokaci ɗaya sananne, nesa da lokutan salla da na ƙailula, ki kuma gaya musu lokacin, domin mutane sun fi haƙuri da abin da suka san farkonsa da ƙarshensa. Yana iya juya bakin turumbet ɗin cikin tulin tufafi ko wajen katifar da aka jingina da bango, hakan yana rage ƙara sosai.

TAMBAYA

Tun da na fara atisaye a hankali na lura maɓallina na biyu yana makalewa wajen dawowa, abin da ban taɓa ji ba lokacin da nake busa da sauri. Man maɓalli ya yi wuyar samu a nan. Zan iya sa man riɗi?

Mai busa daga Bur Sudan

AMSA

Ɗan'uwa, makalewar ta daɗe a wurin, saurin ne ya ɓoye maka ita. Kada ka sa man riɗi ko man gyaɗa ko wani man girki, domin yana daskarewa ya yi danƙo, ya kama ƙurar guguwar habub da gishirin iskar teku, maɓallin ya ƙara nauyi. Sau da yawa ma datti ne matsalar, ba rashin mai ba. Ka kwance maɓallan ɗaya bayan ɗaya don kada su cakuɗe, ka wanke su da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke kwanuka, kana kiyaye ƙyallen da ke samansu kada ya jiƙe, ka goge su da ramukansu da tsumma mai laushi marar gashi, ka mayar da kowanne gidansa yana fuskantar inda yake a da. Ruwan zafi yana ɓata fentin jikin turumbet, ka guje shi. Idan kun haɗa kuɗi ku uku ko huɗu kuka yi saƙon ƙaramar kwalba ɗaya ta man maɓalli na ainihi wurin masu zuwa daga Jidda ko Alƙahira, za ta kai ku watanni, tun da ɗigo biyu ko uku ake sa wa kowane maɓalli. Ka kuma duba yatsanka na tsakiya a madubi lokacin da kake busa a hankali: idan yana tura maɓallin ta gefe maimakon ya sauko a kansa tsaye, to ko an wanke an sa mai zai ci gaba da makalewa har sai ka gyara zaman hannunka na dama, babban yatsa a ƙarƙashin bututun baki tsakanin maɓalli na farko da na biyu, sauran ukun a lanƙwashe kamar ka riƙe lemo.